Furen Bazara da Ba Ya Son Ƙaura

'Ya'yana da jikokina, maza da mata, ku ba ni aron hankalinku in yi muku magana a kan wani tsiro da ba a tuƙa tuwo da shi, ba a kai shi kasuwa a buhu, ba ya kuma cikin lissafin manomi ranar da yake ƙirga damman da ya ɗaure. Na san wani zai ce tsoho ya rasa abin faɗa, ga tsadar taki, ga zaman kashe wando, shi kuwa fure ne ya dame shi. Ku yi mini uzuri. Masu yi muku maganar taki da aikin yi suna da yawa, wannan kuwa ba kasafai yake samun mai tsaya masa ba.

Waɗanda suka tashi a inda ruwan sama ke da wadata, kamar kudancin Kaduna, Filato, Neja, Nasarawa, Taraba da tsaunukan Adamawa, da wuya a ce ba su taɓa wuce shi ba. A ƙarshen rani yake fitowa, bayan wuta ta ci daji ƙasa ta yi baƙi ƙirin, dab da ruwan fari ko jim kaɗan bayansa. Sai ka ga wani siririn kara ya tsaga busasshiyar ƙasa ya miƙe, wani ya kai gwiwa, wani ya kai ƙugu, babu ganye ko ɗaya a jikinsa, amma ga manyan furanni jere a samansa, ruwan hoda ko shunayya, cikin maƙogwaronsu da ɗan ruwan ɗorawa. Ganyen sai daga baya yake biyowa, dogo siriri mai ninki a tsaye, ya saje da ciyawar damina har ka taka shi ba ka sani ba. Shi ya sa mutane da yawa suka san furen amma ba su san ganyen ba, suna zaton tsiro biyu ne daban.

Masana tsirrai sun sa shi cikin wani babban dangi da suke kira okid, wanda ke da nau'i kusan 28,000 a duniya. Da yawansu a jikin bishiyoyi suke maƙale cikin kurmi, su ne ake gani a tukwane a manyan otal. Namu na ƙasa ne. Zuriyarsa ana kiranta Eulophia, tana da nau'i wajen 200, akasarinsu a Afirka, shi kuwa wanda nake nufi sunansa a littattafan masana Eulophia cucullata. Ana samunsa tun daga Senegal har Habasha, ya gangara har Afirka ta Kudu. Yana da ɗan'uwa a dajinmu, Eulophia cristata, mai ƙananan furanni amma masu yawa a kara guda, shi ma kan riga ganyensa fitowa. In kuna son gane ɗan wannan dangi, ku dubi furen da kyau. Fallayensa ba su zagaye daidai wa daida ba. Guda ɗaya na ƙasa ya fi sauran faɗi, ya zazzago gaba, da ɗan aljihu a bayansa. Nan ne masaukin ƙwaro.

Abin da ido ke gani kaɗan ne daga cikin rayuwarsa. Dukiyarsa tana ƙarƙashin ƙasa: dunƙulen saiwa masu girman ƙaramin dankali, a jere, ɗaya na riƙe da ɗaya. Kowace damina ganye ya tara abinci ya ƙara sabon dunƙule a gaba, tsofaffin na baya suna motsewa sannu a hankali. Da wannan ajiya yake cinye rani, da ita yake tsallake gobara, da ita kuma yake iya fid da fure a lokacin da ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Wanda ya sa fartanya ya tono jerin nan, aikin shekaru ya ɗauko a tafin hannunsa.

Yadda yake samun 'ya'ya ma abin a tsaya a duba ne. Kun san babban baƙin ƙudan nan mai ruri, ɗan'uwan ƙudan zuma, wanda ke huda busasshen itace ya yi gida a ciki? Shi ne ɗan aikensa. Yawancin furanni suna biyan ƙwaro ladan aiki da ruwan zaƙi. Wannan ba ya biyan ko anini. Launi kawai yake nunawa, ƙudan ya sauka ya cusa kai cikin aljihun yana neman abin sha, ya tarar wayam. Amma kafin ya fita, ƙurar furen, wadda take a cure cikin 'yan ƙulli biyu masu danƙo, ta manne masa a jiki. In ya sake ruɗuwa ya sauka a kan wani furen, sai ya sauke masa kayan, aure ya ɗauru. Ba ina yaba muku wannan hali ba ne, kada wani ya je ya ce Kaka ya halatta cin ladan ɗan aike. Shi kansa furen yana ɗanɗana kuɗarsa, domin ƙudan ba wawa ba ne. In aka yaudare shi sau biyu sau uku sai ya daina zuwa, saboda haka a cikin furanni masu yawa kaɗan ne ke ƙulla kwanso. Yarinyar da ta karyo kara biyar don ta sa a kwalba, su bushe kafin jibi, mai yiwuwa ta tafi da duk irin da wannan fili zai zubar a shekarar.

Yanzu ga inda nake son ku fi kasa kunne, wato maganar irin.

Ku ɗauki ƙwayar gero ko ta wake ku fasa. Abin da ke ciki, wanda mu muke ci, asalinsa guzuri ne da uwa ta ɗaure wa ɗanta, ya ci har ya fid da saiwa da ganye ya tsaya da ƙafarsa. Ƙwayar okid matafiyi ce da aka sallama ba guzuri. Ƙura ce kawai, in ka zuba ta a tafin hannu numfashinka ma sai ya kwashe ta. A wasu nau'o'in, ƙwaya miliyan guda ba ta wuce nauyin 'yan giram kaɗan ba. Kwanso ya bushe ya tsage, iska ta ɗebe su ta watsa ko'ina. Wadda ta faɗa kan dutse ta mutu, wadda ta faɗa cikin ƙasa mai kyau da danshi ita ma, abin mamaki, ba za ta tsiro ba, sai fa in ta gamu da mai masauki. Mai masaukin nan wata funfuna ce da ke zaune cikin ƙasa, dangin naman kaza, siraran zare da ido ba ya gani. Zaren ya shiga cikin ƙwayar, ita kuma ta riƙa narkar da shi tana samun abinci. A haka take zama a cikin duhu, 'yar ƙullutu fara, ba ganye ba saiwar kirki, funfuna na ciyar da ita, har ta yi ƙarfin leƙo waje. Daga nan zuwa furen farko shekaru ne. Kuma ba kowace funfuna ce ke karɓar baƙo ba, kowane okid da irin waɗanda yake jituwa da su.

An daɗe ba a gane wannan ba. Masu lambu a Turai sun yi ta shuka irin okid yana ƙin fitowa, sun rasa dalili. Charles Darwin, wanda littafinsa a kan waɗannan furanni ya fara fitowa a 1862, ya ƙiyasta ƙwayoyin da ke cikin kwanso ɗaya na wani okid ɗin ƙasa na Ingila, ya samu kimanin 6,200, wato fiye da 186,000 a tsiro guda. Ya lissafa cewa da duk za su rayu su hayayyafa, da tattaɓa-kunnen tsiro ɗaya sun kusa rufe doron ƙasa baki ɗaya. Amma ga shi ba su rufe ko gona ɗaya ba, kuma ya bar duniya bai ga bakin zaren ba. Sai a 1899 wani saurayi Bafaranshe ɗan shekara 25, Noël Bernard, yana yawo a daji ya tsinci 'ya'yan wani okid sun fara tsirowa a ƙarƙashin ƙasa, ya duba su da madubin ƙara girma, ya ga zaren funfuna a cikinsu, ya fahimci cewa ba cuta ba ce, reno ne. A 1922 kuma Lewis Knudson a Amurka ya nuna ana iya tsirar da irin cikin kwalba in an ba shi sukari da sinadaran da funfunar ke ba shi. Daga wannan ne cinikin okid na tukunya ya bunƙasa a duniya. Sai dai wannan aikin ɗakin bincike ne, ana yinsa da tsabta ta musamman. A daji har gobe sai da mai masauki.

To kun ga dalilin da ya sa nake roƙonku kada ku tono shi ku kai gida. Na san niyyar mai tonowa ba mugunta ba ce, sha'awa ce. Ya ga abu mai kyau yana son ya riƙa ganinsa a tsakar gida. Ƙwararrun masu lambu kan iya raya wasu a tukunya, ban musa ba. Amma a hannun yawancinmu abin da ke faruwa shi ne, ya yi fure sau ɗaya da sauran ajiyar da ya zo da ita, mai shi ya yi murna, a bi shi da ban ruwa a lokacin da ya kamata ya yi barcin rani, dunƙulen ya ruɓe. Ko ya rayu ma, an raba shi da ƙasar da 'ya'yansa za su iya tsirowa. An yi asara biyu ke nan, babu a gida, babu a daji.

Kada kuma yawansa ya ruɗe ku. Akwai wani okid ɗin ƙasa a arewacin Ingila mai fure kamar ɗan takalmi, wanda a da ake samu a wurare da dama. Masu sha'awar lambu da masu tara busassun tsirrai suka yi ta tonowa, kowa na cewa guda ɗaya ne kawai na ɗauka, har a 1917 aka ba da sanarwar ya ƙare a ƙasar. A 1930 aka tsinci tsiro ɗaya tal a wani lungu na yankin Yorkshire. Shekara da shekaru ana ɓoye wurin, ana sa masu gadi lokacin furensa, kafin masana na lambun Kew su samu hanyar tsirar da irinsa a mayar da shi wasu wurare. Ku duba irin wahalar da aka sha a kan abin da a da yake kyauta.

A wasu ƙasashen kuwa ciki ne ya cinye okid. A Turkiyya ana busar da dunƙulen okid a niƙa, a samu wani gari da suke kira salep, ana dama abin sha mai zafi da shi lokacin sanyi, ana kuma sa shi cikin askirim ɗinsu mai danƙo na garin Marash. Kilo ɗaya na garin yana cin dunƙule 1,000 zuwa 4,000, kowane dunƙule kuwa tsiro guda ne da aka kashe. Har ta kai hukuma ta hana fitar da shi waje. A Zambiya akwai chikanda, wani abinci da ake yi da dunƙulen okid da gyaɗa, a dafa ya daskare a yanka. Asalinsa cimar ƙauye ce ta mutanen Bemba da maƙwabtansu a arewacin ƙasar, ana ɗiba daidai buƙata. Da ya shiga birane ya zama abin kasuwa, na gida ya kasa, sai fatake suka tsallaka Tanzaniya. A farkon shekarun 2000 masu bincike sun ƙiyasta cewa dunƙule miliyan 2 zuwa miliyan 4 ke ƙetara iyaka duk shekara daga tsaunukan kudancin Tanzaniya. Wannan na cikin abin da ya sa aka mayar da tudun Kitulo gandun ƙasa a 2005, musamman don kare furanninsa. Matan da ke tonon nan ba azzalumai ba ne, da yawansu marayu suke ciyarwa. Amma daji bai san uzuri ba, abin da aka ɗiba fiye da abin da ya haifa, ya tafi.

Mu a nan abin da ya fi yi wa namu barazana shi ne yadda muke juya ƙasa. Da can manomi kan bar saura ta huta shekaru, akwai burtali mai faɗi, akwai gefen fadama da ba a taɓawa, akwai gindin duwatsu da garma ba ta zuwa. Yau mutane sun yi yawa, gona ta yi kaɗan, saura ta zama labari. Tarakta tana kifar da ƙasa ta fito da dunƙulen sama rana ta gasa su. Maganin feshi, wanda ya raba ku da wahalar noman fartanya, ba ya tambayar sunan ciyawa, kuma lokacin da ake fesa shi ne lokacin da ganyen okid ke tara abincin baɗi. Ban ce ku bar gona ta zama daji ba. Wanda bai noma ba me zai ci? Abin da na ce shi ne, ba kowane taƙi na ƙasa ne sai an fesa ba. Kan iyakar gona, bakin rafi, tsakanin duwatsu inda ko ka shuka ba abin da za ka girba, ku ɗauke bakin famfo daga nan. Maganin ma da kuɗi kuka saye shi. In kun lura da inda furen ke fitowa da bazara, ku kafa 'yan duwatsu ku shaida wurin, don ku gane shi da damina sa'ad da ya saje da ciyawa. A Turkiyyar da na ambata, masana sun tarar tsofaffin maƙabartun Musulmi na ƙauyuka sun zama mafakar okid iri-iri, don kawai ba a noma su ba a tono su. Ɗan fili kaɗan da aka ƙyale yana riƙe abu mai yawa.

Maganar wuta tana son a yi ta da adalci. Wannan tsiro ya saba da gobara, har ma takan share masa busasshiyar ciyawa ya samu sarari, shi ya sa ya fi yin fure a inda aka ƙone. Wutar farkon rani, sa'ad da ciyawa ke da sauran danshi, takan wuce sama-sama ba ta taɓa abin da ke ƙasa. Wadda ke ɓarna ita ce ta tsakiyar bazara, wadda samari ke cinnawa don korar gafiya da zomo, ta tarar kara ya riga ya fito ta lashe shi da furensa, ta haɗa da ƙananan itatuwa, wani lokaci har da rumbun bayin Allah. Naman da za a samu bai kai abin da aka ƙona ba.

Akwai masu maganin gargajiya a sassan Afirka da dama da ke amfani da dunƙulen Eulophia. Na gaskiyar cikinsu suna da ladabin ɗiba: ba sa kwashe wuri kaf, suna barin na gaba mai toho, su mayar da ƙasa su rufe. In kun gaji sana'ar, ku gaje ta da ladabinta. In ba ku gaje ta ba, kada ku kai abin da kuka tono a daji baki don wani ya faɗa a waya cewa yana ƙara ƙarfi. A cikin dajin nan guda akwai wani tsiro mai yaɗo, mai fure ja da rawaya da fallayensa suka lanƙwashe baya, masana na kiransa Gloriosa. Saiwarsa guba ce mai kisa, kuma da rani in ganye ya bushe ba kowa ke bambance wannan saiwa da waccan ba. Haka nan in wani ya ɓullo muku ta intanet yana cewa ku tara masa dunƙule buhu-buhu zai fitar waje, ku sani duk dangin okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya da Nijar suka sa wa hannu. Ba a ƙetara iyaka da su sai da takardar izini. Ranar da aka kama kaya, shi yana can, ku ne a hannu.

Abin da na fi so daga gare ku ya wuce kame hannu. Ina so ku zama masu lura. A 1916 wani likita ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, ya bi shi da wani babba a 1937 a kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma, har yau masana na komawa gare su. Daga ina ya samo abin da ya rubuta? Daga bakin manoma da mahauta da maharba da makiyaya da tsofaffin mata masu tsince-tsincen ganye. Ilimin na kakanninku ne, shi alƙalami ya riƙe. Masu wannan sani suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma sunan tsiro kan bambanta daga gari zuwa gari, abin da Bazazzagi ya kira shi ba lalle ne Bafulatanin Mambila ya san shi da shi ba. Ku kuwa kuna da abin da Dalziel bai samu ba, kyamara a aljihu. Ku ɗauki hoton furen ta gaba da ta gefe, ku koma da damina ku ɗauki na ganyen, ku rubuta rana da wuri, ku tambayi tsohon da ya fi kowa sanin dajin garinku me ake ce masa, me ake yi da shi, da can ya fi haka yawa ko kuwa. Ɗaliban cikinku su kai wa malamansu na sashen nazarin tsirrai, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ake da ɗakin adana busassun tsirrai, ko a jami'ar da ta fi kusa da ku.

Kada ƙuruciya ko rashin takarda su sa ku raina idonku. Banila da kuke jin ƙamshinta a kek da askirim, ita ma okid ce, mai yaɗo, asalinta daga Meziko. An kai ta wasu ƙasashe tana fure ba ta 'ya'ya, manyan masana sun yi ta fama. Wanda ya samo hanya mai sauƙi ta haɗa furen da hannu, da ɗan siririn tsinke da babban yatsa, yaro ne bawa ɗan shekara 12 mai suna Edmond Albius, a tsibirin Reunion, a 1841. Da dabararsa ake noman banila a Madagaska har yau. Ya mutu da talauci, wannan kuwa laifin mutanen zamaninsa ne.

Sai dai ku yi wannan yawo da hankali. Zamani ya canza, akwai dazuzzukan da yanzu ba a shiga, kada son fure ya kai ku inda iyayenku za su kwana ba barci. Bayan gari ya isa, gefen gonarku ya isa, hanyar rafi ta isa. Ku tafi da rana, ku tafi da abokin tafiya, ku riƙe sanda saboda bazara lokacin fitowar macizai ne. Ku ja ƙannenku ku nuna musu, ku gaya musu abin da ke ƙarƙashin ƙasar da dalilin da ya sa ba a cire shi. Fartanyar kuwa ku bar ta a gida. Allah ya yi muku albarka, ya raya ku cikin alheri.